Mako biyar da tiyatar dubura, har yanzu zama yana yi mini wuya

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Tudun Wadan Kaduna, shekarata 39. Na yi kusan shekara biyu ina shan magungunan basir iri-iri kafin likita ya gano cewa tsagewa ce a dubura, aka yi mini tiyata yau mako biyar ke nan. Azabar da nake sha a da, wadda take kamar ana tsaga ni da reza, ta tafi, alhamdu lillahi. Amma har yanzu idan na yi bayan gida wurin yakan yi mini raɗaɗi na kusan awa guda, akwai ƙaiƙayi, ina ganin danshi a wando, wani lokaci da ɗigon jini, kuma iska takan kuɓuce mini har ina shakkar alwalata. Ba na iya zama a kan keken ɗinki fiye da rabin awa. Saboda tsoron banɗaki na rage cin abinci, shayi da burodi nake karyawa da su, sai kuma dare. Wani abokina ya kawo mini tiramadol, wani ya ce in riƙa zama cikin ruwan bagaruwa da alif. An ba ni ranar komawa asibiti bayan mako biyu, kunya ta hana ni komawa. Shin aikin ne bai yi ba?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shayi da burodin nan, da kuma ranar asibitin da ka bari ta wuce. Game da tambayarka, babu abin da ka lissafa da zai sa in ce aikin bai yi ba. Tafiyar wannan azabar ta reza ita ce babbar shaidar cewa tiyatar ta yi abin da aka yi ta dominsa, sauran abubuwan kuma an saba ganinsu a mako na biyar. Sai dai wannan magana ce ta mai karanta takarda, likitan da zai duba wurin da idonsa shi ne mai yanke hukunci, kuma zan dawo kan wannan.

Yana da kyau ka san abin da aka yi maka, domin wanda bai san aikin da aka yi a jikinsa ba kowane motsi zai tsorata shi. A bakin dubura akwai tsoka iri biyu masu kama da zobe. Ta waje ita ce wadda mutum yake matsewa da nufinsa idan bayan gida ya matsa shi a hanya, ta ciki kuwa tana aikinta ba tare da ya sani ba, dare da rana. Idan bayan gida mai tauri ya yagi fatar wurin, zafin yakan sa tsokar ciki ta ɗaure tamau, ɗaurewar ta rage jinin da yake kaiwa ga raunin, raunin da ba ya samun jini kuma ba ya warkewa, sai ya sake yagewa washegari. Wannan ne ya sa ka shekara biyu kana shan jiƙe-jiƙen basir ba ka ga sauƙi ba, tunda basir kumburin jijiyoyin jini ne, tsagewa kuma rauni ce, ko da yake a wurinmu duk ciwon da ya sauka can sunansa basir. Tiyatar da aka fi yi, wadda likitoci suka fi shekara 50 suna yi, ita ce a yanka ɗan sashe na tsokar ciki daga gefe domin ta saki, jini ya samu hanya, tsagewar ta rufe da kanta. Fiye da mutum 90 cikin 100 suna warkewa da wannan aikin. Wani lokaci kuma akan kankare gefen tsohuwar tsagewar, ko a cire ɗan tsiron fatar da yake fitowa a bakinta, a bar wurin a buɗe ya ciko daga ƙasa.

Ka lura da cewa tiyatar ba ta ɗinke tsagewar ba, hanya ta buɗe mata ta warke. Warkewar takan ɗauki mako 6 zuwa 8, wasu kuma sukan kai wata 3 kafin su manta da wurin gaba ɗaya. Idan hannu ya karye ana ɗaure shi a rataye a wuya ya huta, amma wannan wuri ba shi da hutu: kullum sai bayan gida ya bi ta kansa, ana zama a kansa, ga gumi, ga tsarki sau da yawa a yini. Danshin da kake gani ruwa ne da rauni mai cikowa yake fitarwa, shi ne kuma yake jiƙa fatar kewaye har ta yi ƙaiƙayi. Ɗigon jini kaɗan a lokacin tsarki shi ma ba baƙo ba ne.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Rage cin abinci saboda tsoron banɗaki shi ne kuskuren da na fi gani a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, kuma shi ne wanda ya fi mayar da mutane baya. Hanji yana tsotse ruwa daga bayan gida muddin yana zaune a cikinsa, saboda haka wanda ya kwana biyu ko uku bai fita ba, abin da zai fito a rana ta huɗu busasshe ne, mai kauri, kuma ta kan ɗanyen rauni zai bi. Ba na manta wani direban babbar mota da aka dawo da shi mako uku bayan sallama, yana tafiya yana ware ƙafafu, matarsa na biye da shi da filas a hannu. Da muka tambaye ta abin da yake ci, sai ta buɗe filas ɗin ta nuna mana shayi, ta ce kwana shida ke nan ba ya karɓar komai sai wannan, tuwo kuwa ko ƙamshinsa ba ya son ji. Kwana biyar bai yi bayan gida ba, cikinsa ya yi tauri, sai da aka taimaka masa a asibiti kafin ya samu sa'ida, raunin da ya fara rufewa kuma ya sake buɗewa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Shayi mai kauri da farin burodi ba su da abin da zai tausasa bayan gida, kuma ina zaton raɗaɗin awa guda da kake sha yana da alaƙa da su.

Abin da ake nema shi ne bayan gida mai laushi, wanda yake fita da kansa ba tare da yunƙuri ba, sau ɗaya ko biyu a rana. Ba gudawa ake nema ba, domin ita ma tana ƙona wurin, shi ya sa maganin wankin ciki irin na masu lasifika a bakin kasuwa ba naka ba ne. Likitoci suna cewa babban mutum yana bukatar giram 25 zuwa 30 na harzar abinci a rana, wato ɓangaren ganye da hatsi da 'ya'yan itatuwa da ciki ba ya narkarwa, wanda yake riƙe ruwa ya sa bayan gida ya yi laushi. Ba sai ka nemi ma'auni ba, kuma ba sai ka sayi abincin kanti ba, domin abincinmu na gida ya wadatar. Ka karya da kunun gero ko kunun tsamiya tare da gwanda ko lemu, ka ci har da totuwar lemun. Da rana faten tsaki ko faten acca da aka cika wa rama ko alayyahu, ko dambu da zogale, ko wake da aka dafa ya yi luguf. Da dare tuwon dawa ko na masara da miyar kuɓewa, ko kuka, ko lalo, waɗanda yauƙinsu kansa taimako ne. Dankalin Hausa, kabewa, kankana, dabino da kwaɗon zogale duk suna cikin lissafi, kuma wanda ya je Bakin Dogo da safe zai haɗa na kwana biyu ko uku ba tare da ya jigata aljihunsa ba. Ka ƙara waɗannan sannu a hankali cikin mako guda, musamman wake, saboda idan ka afka musu lokaci ɗaya za su cika maka ciki da iska, ita kuma iskar kana fama da ita tun yanzu. Tsire da kilishi da yaji mai yawa ka ɗaga musu ƙafa zuwa wata biyu, domin barkono yana fita da sauran zafinsa, rauni kuma yana jinsa. Taliyar yara da farar shinkafa tsura su ma ka rage. Wannan duka ba zai yiwu ba sai uwargida ta san halin da ake ciki, saboda haka ka zaunar da ita ka yi mata bayani, tunda ita ce mai tukunya.

Ganye ba tare da ruwa ba yana iya ƙara taurin da ake gudu. Idan hunturu ya shigo, ƙishirwa ba ta damun mutum, amma iska tana busar da jiki, sai ka ga an yini a shago ba a sha ko kofi biyu ba. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, don haka ka ajiye huɗu ko biyar a gefen kekenka da safe, ka tabbata sun ƙare kafin magariba, sai dai idan kana da ciwon zuciya ko na ƙoda da likita ya ƙayyade maka ruwa.

Tiramadol ɗin nan kuwa, don Allah ka mayar wa mai shi. Na san da kyakkyawar niyya ya kawo maka, amma tiramadol da kodin suna rage motsin hanji, suna busar da bayan gida, wato suna kashe zafin yau su ninka na jibi, ban da kamun da suke yi wa mutum, wanda duk mun ga abin da ya yi wa matasa a unguwanninmu har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Farasitamol ya isa ga yawancin masu irin raɗaɗinka, muddin babba bai wuce giram 4 a rana ba. Ibufurofen da dikulofenak suna taimakawa, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guje su. Idan kana shan ƙwayar ƙarin jini ka faɗa wa likita, domin ita ma tana taurara bayan gida. Akwai ruwan magani mai zaƙi da ake kira laktulos wanda yake jawo ruwa cikin hanji, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki, kuma ana yawan rubuta shi bayan wannan tiyata. Akwai man lidoken da yake kashe zafi idan an shafa kafin shiga banɗaki, akwai kuma man diltiyazem ko na nitirogiliserin da suke sassauta tsokar idan har yanzu tana ɗaurewa, sai dai na nitirogiliserin yana sa ciwon kai. Waɗannan likitanka ne zai zaɓa maka bayan ya duba, kada ka karɓe su a kemis bisa kwatance.

Idan bayan gida ya zo, ka tashi a lokacin, kada ka ce sai ka ƙarasa wuyan rigar da ke hannunka. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, saboda haka ka ba kanka lokaci da safe kafin ka fita. Kada ka wuce minti biyar a ciki, kada ka shiga da waya, kada ka yi nishi kana turawa. Idan bai zo ba ka fito, zai dawo. Tsuguno yana miƙe hanya fiye da zama, idan kuma masan zama ne a gidanka, ka ɗora ƙafafunka a kan 'yar kujera gwiwoyinka su ɗara ƙugunka tsawo.

Shawarar zama cikin ruwa daidai ce, abin da aka ce a zuba a ciki ne ban yarda da shi ba. Amfanin yana cikin ɗumin, wanda yake sa tsoka ta saki, raɗaɗi ya lafa. Bagaruwa da alif suna tsuke fata su busar da ita, kai kuma an yi maka aiki ne domin wurin ya saki, sannan Dettol da kanwa da gishiri mai yawa suna ƙona naman da yake cikowa. Ka sami baho mai faɗi wanda ba a wanki ko wanke-wanke a cikinsa, ka sirka ruwa ka gwada da gwiwar hannu, idan ta ji zafi to ya yi yawa, domin wannan ba wankan jego ba ne. Ka zauna minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, musamman da zarar ka fito daga banɗaki. Mai dabara yakan cika filas tun da dare ya ajiye kusa da bahon, don kada sanyin asuba ko rashin wuta su zama hujja. Tsarki da buta ya fi takardar goge-goge nesa ba kusa ba, sai dai a yi shi da ruwan ɗumi, a hankali, ba sabulu mai ƙamshi, ba cuɗawa. Bayan nan ka dangwala tsumma mai laushi har wurin ya bushe, ka sa 'yar auduga ko bandejin asibiti tsakanin ɗuwawu ta tsotse danshin, kana canja ta idan ta jiƙe. Yawancin ƙaiƙayin da wannan yake tafiya. Susa kuwa tana ƙara shi, ko da za ta yi daɗi na minti ɗaya. Idan ka taɓa ɗan tsiro a wurin, kada ka bari wanzami ko mai magani ya ɗaure shi ko ya yanka shi.

Sana'arka ta zama ce, kuma na san akwai masu kaya da suke jira. Rabin awar da jikinka yake ba ka a yanzu ka karɓe ta, ka tashi kafin zafin ya tashe ka, ka taka zuwa bakin layi ka dawo. Ka ɗauki awo da yanka da guga, waɗanda ake yi a tsaye, ka bar wa yaran shago dogon ɗinki na wasu makonni. Ka sa matashi mai laushi shimfiɗaɗɗe a kan kujerar, domin mai rami a tsakiya yakan ware wurin ya ja raunin. Doguwar tafiya a kan acaɓa cikin gargada da ɗaukar kaya masu nauyi ka jinkirta su, amma tafiyar ƙafa ta minti 20 ko 30 da yamma tana motsa hanji, tana kuma taimakon warkewa. Idan kana shan taba, tana rage jinin da raunin yake bukata, ciwon suga da ba a kula da shi ba shi ma yana jinkirta warkewa.

Batun iska na san shi ne ya fi ci maka tuwo a ƙwarya, ko da yake a layi ɗaya ka ambace shi. Tsokar da aka sassauta ita ce mai tsare iska ba tare da ka sani ba, saboda haka kuɓucewarta sananniyar aba ce bayan wannan aiki, kuma ga yawancin mutane tana raguwa cikin makonni ko 'yan watanni. Akwai atisayen matse tsokar waje da ake koyarwa a sashen gashin ƙashi na asibiti, wanda za ka fara idan likita ya ce lokaci ya yi. Ta fuskar ibada kuma addini bai bar mai lalura a cikin ƙunci ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayanin hukuncin abin da yake fita ba da iko ba, idan ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, cewa ba ya warware alwala, sai ka kai wa limaminku bayanin yadda naka yake ya auna maka. Sahabi Imrana ɗan Husaini ma ciwon basir ne ya sa ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla, aka ce masa ya yi a tsaye, idan ba zai iya ba a zaune, idan ba zai iya ba a kishingiɗe. Sahabi ya faɗi ciwonsa da sunansa a gaban mafi girman halitta domin ya samu mafita, ina so ka yi tunani a kan wannan.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko na kwana ɗaya. Idan zafin ya daina raguwa ya koma ƙaruwa, yana zogi kamar maruru ko ba ka shiga banɗaki ba, ko wurin ya kumbura ya yi tauri, ko ka ga mugunya mai wari, ko zazzaɓi da rawar sanyi suka zo, to wataƙila ƙurji ne ya taru a ciki, kuma sai an fitar da shi. Haka nan jini mai zuba da gudaji wanda bai tsaya ba, ko fitsari ya ƙi fita, ko kwana uku ba bayan gida ga ciki ya kumbura, ko bayan gida kansa ya riƙa zubowa ba ka sani ba. Kowanne daga ciki ka gani, ka nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Ko ba ka ga ɗaya daga cikinsu ba, ka koma asibiti a wannan makon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma likitan da kake jin kunyarsa ya riga ya ga wurin, shi ya yi aiki a kansa, ya ga na mutane da dama kafin naka da bayan naka. Ba zai yi maka faɗan rashin zuwa fiye da minti ɗaya ba, dubawar kuma sau da yawa da ido ce kawai. Shi ne zai gane ko raunin yana cikowa yadda ya kamata, ko tsokar tana ɗaurewa har yanzu, ko wata 'yar hanya ta ɓulle tana tsiyaya, kuma idan wata uku suka wuce bai rufe ba, akwai gwaje-gwajen da ake yi domin neman wani dalili a hanji ko a jini. Idan kana son wani likitan fiɗa ya ƙara dubawa, akwai su a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Sojoji na 44, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sai dai ka fara da wanda ya yi aikin tunda shi ya san abin da ya yanka.

Kafin ka tafi, ka ɗauki takardar awo ɗaya ka rubuta na kwana uku: sau nawa ka yi bayan gida, mai tauri ne ko mai laushi, minti nawa raɗaɗin ya yi, launin abin da ka gani a audugar, da sau nawa iska ta kuɓuce. Ka haɗa da katinka da takardar sallama da duk maganin da ka sha, har da na gargajiya. Idan bakinka ya yi nauyi a gabansa, ka miƙa masa takardar ya karanta. Bayan mako biyu da fara fate da miyar kuɓewa ka sake rubuto mini, ina so in ji ko awa gudan nan ta ragu.